Ɗana ba ya ƙara nauyi: tamowa ce, gado ne, ko shan ciki?

Tambaya: "Ɗana wata 14 gare shi. A awon ƙarshe kilo 7 da rabi aka samu, kuma wata uku ke nan bai ƙara ba. Ya yi ƙyanda a farkon damina, bayan ta kuma ya yi ta gudawa. Nono yake sha da koko, tuwo kuwa sai ya tsotse miyar ya tofar. Na saya masa maganin cin abinci a kemis har kwalba biyu, barci kawai yake sa shi. Yanzu na gane ina da ƙaramin ciki. Uwar mijina ta ce in yaye shi yau-yau, wai shan ciki ne ke ramar da shi. Maigida kuma ya ce gado ne, danginsu duk ba su da jiki. Wanne zan kama?"

Amsa: Maman yaro, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya raba lafiya.

Bari in ba ki amsar a dunƙule kafin in warware ta. Abin da kika kwatanta yaro ne da ƙyanda da gudawa suka zuƙe, abincin da yake samu kuma bai isa ya mayar masa da abin da ya rasa ba. Ko ya kai tamowa mai tsanani ko bai kai ba, awo ne zai raba wannan gardamar. Kada ki yaye shi. Ki ajiye maganin kemis ɗin nan. Ki kai shi asibiti gobe idan Allah ya kai mu, kada ki jira ranar awo ta zagayo.

Maganar maigida kusan kowane gida ana yin ta, don haka ta cancanci a amsa ta da hujja. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin girman yara sama da 8,000 a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Birazil, Norwe da Amurka. Yaran da aka zaɓa duk masu shan nonon uwa ne, daga gidajen da ba a rasa abinci da kulawar asibiti ba. Sai aka ga har zuwa shekara biyar girmansu kusan ɗaya ne, baƙi da fari. Daga wannan binciken aka fitar da ma'aunin 2006 da ake auna girman yara da shi a yau. A ma'aunin nan, namiji mai wata 14 matsakaicin nauyinsa kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. Idan ya gaza kilo 8 ya fita daga iyakar da ake so, layin can ƙasa na katin awo kuma yana wajen kilo 7.2. Kin ga naki ya kusa taɓa shi. Gado yana iya sa yaro ya zama mai ƙaramin jiki, amma mai ƙaramin jiki da ke da lafiya kowane wata yana hawa a kan layinsa. Gado ba ya tsayar da nauyi cak har wata uku.

Akwai kuma abin da ke ruɗar ido. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100. Inda fiye da rabin yaran unguwa ba su kai tsawon shekarunsu ba, uwa za ta dubi ɗanta ta dubi na maƙwabta ta ga ai duk ɗaya suke. Sau da yawa "danginmu haka suke" yunwa ce da ciwon yarinta da suka bi dangin tun daga kakanni, aka saba da su har aka ɗauke su jini.

To, me za a auna? Abu huɗu ne, kuma ina so ki san su domin ki nemi a yi miki su ko da layi ya yi tsawo ma'aikaci yana sauri.

Nauyi shi ne na farko, a sikeli, bayan an tuɓe masa riga da takalmi da kunzugun da ya jiƙe da duk wani guru ko laya mai nauyi. A yaro ƙarami giram 200 ba abin wasa ba ne. Lamba ɗaya kuma ba ta ba da labari. Ki ce a ɗiga ta a kan kati a haɗa ta da ɗigon baya: layi mai hawa shi ake so, wanda ya kwanta gargaɗi ne, wanda ya gangara kuwa haɗari ne. Sai tsawo. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi a kan allon awo, mutum ɗaya ya riƙe kai ya jingina da katako, ɗayan ya miƙe gwiwoyi ya turo marfin allon zuwa tafin ƙafa. Da nauyi da tsawo ne ma'aikaci zai bambance abu biyu da mutane ke haɗawa. Yaron da nauyinsa bai kai na tsawonsa ba ya rame, wato abu ne na kwanan nan, kuma shi ne mai saurin kisa amma mai saurin warkewa idan an kama shi. Wanda tsawonsa bai kai na shekarunsa ba ya tsumbure, wato an daɗe ana gurgura, tun daga ciki ma wani lokaci. Ana yawan samun yaro ɗaya da duka biyun.

Na uku shi ne tef ɗin auna damtse mai launi uku, wanda ake amfani da shi daga wata 6 zuwa wata 59. Wannan ko ke za ki iya koya, kuma a wurare da dama yanzu ana raba wa iyaye mata su riƙa aunawa a gida. Hannun hagu ake kamawa. A lanƙwasa gwiwar hannun, a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar, a sa alama, sannan a sake hannun ya sauka. A zagaya tef ɗin a daidai alamar, ya kwanta a kan fata ba tare da ya matse ta ba, kada kuma ya yi sako-sako. Abin da ya faɗo a 'yar tagar tef ɗin shi ne amsa. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ruwan ɗorawa, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, matsakaiciya ce. Kore, daga 12.5 zuwa sama, damtsen ya kai. Amma kore bai wanke yaron da layin katinsa ya kwanta wata uku ba, kuma akwai yaran da tef zai nuna kore alhali awon nauyi da tsawo ya nuna sun rame. Shi ya sa nake cewa a yi duka.

Na huɗu babu kayan aiki sai babban yatsa. Ki riƙe ƙafafunsa biyu, ki danna bayan kowace ƙafa da babban yatsanki, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, ki ɗaga. Idan gurbin yatsa ya zauna a ƙafafun biyu, wannan kumburin tamowa ne, kuma ko nawa sikeli ya nuna, ko wane launi tef ya ba da, yaron yana cikin mai tsanani. Wannan nau'in ya fi ba ni tsoro, domin yana yaudarar gida. Kumatu sun cika, ƙafa ta yi ɓul-ɓul, sai a ce ma sha Allah ya fara murmurewa, alhali ruwa ne ya taru. Idan aka lura za a ga gashin ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa, fatar cinya tana saɓulewa kamar ƙuna, yaron ba ya wasa, ba ya son a taɓa shi, kuka kawai yake a hankali.

Bayan awo sai bincike, domin rashin girma alama ce, dole a nemo abin da ya kawo ta. Za a tambaye ki abin da ya shiga bakinsa daga safiyar jiya zuwa safiyar yau, ɗaya bayan ɗaya. Ki faɗi abin da ya haɗiye, kada ki lissafa abin da aka dafa a gida. Ba a tambayar don a kunyata ki. Za a duba tafin hannunsa da cikin idonsa saboda ƙarancin jini, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a saurari ƙirjinsa, a leƙa bakinsa da kunnensa. Ƙyanda ita kaɗai ta isa ta yi wannan ɓarnar: tana cinye sinadarin bitamin A da ke jiki, tana gurje hanji, tana karya garkuwar jiki har tsawon watanni, shi ya sa gudawa da ciwon haƙarƙari ke biyo bayanta. Yaron da ya yi ƙyanda ya kamata a ba shi bitamin A, idan ba a ba naki ba ki faɗa. Ki kuma riƙa duba dasashinsa. Gyambo mai wari a bakin yaro mai tamowa bayan ƙyanda yana iya zama farkon cutar noma mai cin fuska, wadda saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Idan an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci suna tsayar da ita.

Akwai kuma cututtukan da ke ɓoye a bayan rama. Idan akwai mai tari na tsawon lokaci a gidan, ki faɗa, a bincika tarin fuka. Idan hannu da ƙafarsa sun taɓa kumbura da zafi, ko idonsa ya yi ɗorawa, a gwada sikila. Yaron da ke haki da gumi yayin shan nono a duba zuciyarsa. Gwajin ƙanjamau ma yana cikin abin da ake yi wa duk yaro mai tamowa mai tsanani, kada ki ɗauke shi zargi.

Idan awo ya nuna mai tsanani, za a yi masa gwajin cin abinci. Za a zaunar da ke gefe inda babu hayaniya, ki wanke hannu, a ba ki ledar abincin tamowa da kofin ruwa, ki riƙa ba shi a hankali ba tare da dole ba. Idan ya ci kason da aka ƙayyade, kuma babu wani ciwo mai nauyi tare da shi, a gida za ki yi jinyarsa, kina zuwa karɓar ledar da awo mako-mako. Idan ya ƙi ci, ko kumburin ya kai fuska, ko akwai zazzaɓi mai zafi, amai, numfashi sama-sama ko yawan suma, kwanciya ce ta kama. A Nijar wurin da ake zuwa karɓar leda a koma gida shi ake kira CRENAS, wurin kwanciya kuma CRENI.

A nan nake roƙon iyaye su yi haƙuri da ma'aikata. Uwa takan ga an kwantar da ɗanta ana ba shi wata madara tsararo 'yar kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, sai ta ce yunwa ta kawo mu ga shi kuma ana yi mana rowa. Madarar F-75 ce, kuma da gangan aka yi ta haka. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya rage aikin zuciya da hanta da ƙoda don ya tsira. Idan aka ɗura masa abinci mai nauyi farat ɗaya, sinadaran jini sukan rikice zuciya ta gaza. Saboda wannan raunin jikin ne ba a ba shi maganin ƙarin jini a kwanakin farko, kuma ba a saurin sa masa ruwa ta jijiya. Wannan ya sa ƙarin ruwa a kemis ko a ɗakin mai allurar unguwa yake da haɗari ƙwarai ga irin yaron nan: idonsa ya faɗa, fatarsa ta yi yaushi, sai a ɗauka ruwa ne ya ƙare, a rataya leda, cikin awa kaɗan numfashi ya sarƙe. Sai sha'awar ci ta dawo, kumburi ya fara sacewa, sannan a matsa zuwa madarar F-100 da ta fi ta ƙarfi, ko abincin leda.

Shi abincin ledan, wanda ma'aikata ke kira RUTF, gyaɗa ce da aka markaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, amma a ƙasar Hausa ya nuna kansa: a yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, akasari a yankin Maraɗi, mafi yawansu a gidajen iyayensu. Najeriya ta fara wannan tsarin a 2009. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ba a dafawa, ba a damawa da ruwa ko kunu. Yaro mai nauyin naki yakan samu leda biyu zuwa uku a rana, gwargwadon jadawalin asibitin, tare da amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwanaki. A fara ba shi nono, sannan ledar kaɗan-kaɗan, da ruwa mai tsabta a gefe domin tana sa ƙishi. Yawanci jinyar takan ɗauki mako shida zuwa takwas, kuma ba a sallama sai damtse ya kai 12.5, kumburi ya tafi, an tabbatar da haka a zuwa biyu a jere. Abin da ke ɓata aikin abu biyu ne da nake gani kullum: raba ledar da yayye saboda tausayi, da daina zuwa da zarar kumatu sun fara cikowa. Ledar nan magani ce da aka lissafa da nauyin yaro ɗaya. Wadda ake gani a kasuwa kuwa daga bakin wani yaro aka cire ta.

Yanzu mu zo kan tukunyarki, domin ko an ba shi leda ko ba a ba shi ba, nan za a dawo. Kokon nan shi ne babbar matsalar, kuma ba laifinki ba ne, haka muka taso muka gani. Cikin yaro mai kilo 7 da rabi bai wuce ya ɗauki kofi ɗaya ba a zama guda, wato kamar mililita 200 zuwa 250. Daga wata 12 zuwa 23, ban da nono, yana buƙatar kalori kusan 550 a rana daga abinci, mai neman mayar da abin da ya rasa kuma ya fi haka. Koko tsararo na gasara zalla kusan duk ruwa ne. Zai sha cikinsa ya yi tim, ya ture kofin, ke ki ga ya ƙoshi, amma abin da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Miyar da yake tsotsa ma haka.

Gyaran farko kauri ne. Ki ɗebo kunun a cokali ki karkata shi: idan ya zube kamar ruwa bai yi ba, sai ya tsaya a cokalin yana saukowa da ƙyar. Gyara na biyu, kada gero ya shiga cikinsa shi kaɗai. Ki soya gero ko dawa ko masara gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1, kowanne daban har ya yi ƙamshi. Ki ɓarza waken suyan ki fece ɓawon, ki tsince gyaɗar ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, domin gubar da ke cikinta tana cutar da hanta. Ki haɗa a niƙa, ki ajiye a mazubi mai murfi. Wannan shi ne garin da ake kira Tom Brown. Duk damu ɗaya ki dafa shi ya dahu sosai, ki zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja. Ƙaramin cokalin nan kaɗai kalori 40 ne, kuma bai ƙara wa kunun yawa ba. Idan kina da busasshen kifi, ki cire ƙaya ki daka ya yi gari ki riƙa barbaɗawa. Garin zogale ko kuka ma haka.

Ƙwai guda a rana, idan da hali, yana cikin abu mafi amfani da za ki iya yi masa. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe, kuma abin takaici ne a ga gida da kaji ana kai ƙwan kasuwa a sayo biskit da lemon kwalba. Hanta ko sau ɗaya a mako, 'yar yanka ɗaya a dafa a murje, tana taimakawa wajen gyara jini. Alala, faten wake da manja, awara, kindirmo mai tsabta, kabewa, dankali mai jan ciki, gwanda, mangwaro, ayaba, duk abincinsa ne. Tuwon ma kada ki fid da rai: ki gutsuro mai laushi ki murje shi cikin miyar da ta ji daddawa da kifi da mai, ya zama abu ɗaya yadda ba zai iya tsotse miyar ya bar tuwon ba. Gyaɗa guda-guda kuwa a nisanta da shi saboda shaƙewa, shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini.

Yadda ake ba shi ya kai abin da ake ba shi muhimmanci. Abinci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani. Kwanonsa daban. Yaro mai wata 14 da aka zaunar a akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma ɗaya baki sun sauke. Ki zauna da shi da kanki, ki fuskance shi, kina yi masa magana, kada a bar wa 'yar raino mai shekara bakwai wannan aikin. Idan ya kau da kai ki ɗan dakata ki sake miƙawa. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji da yawa kafin yaro ya karɓa, ƙin farko ba ƙi ba ne. Ɗure kuwa, a matse hanci a zuba kunu, ki hana kowa yi masa, domin kunun yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Idan ya yi rashin lafiya kada a janye abinci, a ƙara yawan nono, bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu.

Gudawa idan ta dawo, kada a ce haƙori ne a zauna. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya tun kwana na biyu. Maɗiga idan ta faɗa alamar ƙarewar ruwan jiki ce, shafa mata magani ba ya ɗago ta. Cire beli ba ya maganin amai ko ƙin cin abinci, sai ma ya bar rauni a maƙogwaron yaron da dama ba ya ci. Wanke hannu da sabulu kafin ba shi abinci da bayan wanke masa kashi, da rufe randar sha, da shimfiɗa masa tabarma nesa da kashin kaji, suna cikin jinyar. Ya kai shekarun shan maganin tsutsar ciki, ga maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida wata-wata da damina, ga gidan sauro. Ki duba katinsa a cike rigakafin da ya rage.

Sai maganar Hajiya, uwar mijinki. Ki saurare ta da ladabi, domin abin da ta gani a rayuwarta gaskiya ne: ta ga yara da yawa sun lalace bayan uwarsu ta yi kwanika. Inda aka samu kuskure shi ne dalilin. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Yana iya raguwa, ɗanɗanonsa ya ɗan sauya, amma bai daina zama abinci da kariya ba. Abin da ke lalata yaran shi ne yayen dare ɗaya: a shafa wa nono ɗaci, a ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwa lokaci guda, ya yi ta kuka ya ƙi ci, a bi shi da koko. Bayan wata biyu ƙafa ta kumbura, sai a ce ai ya riga ya sha ciki. A shekara ta biyu nono yana iya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake buƙata, kuma shi ne abin da yaro mara lafiya ke karɓa lokacin da ya ƙi komai. Cire wa naki shi a wannan halin babban haɗari ne. Idan hujjar addini ce za ta fi kwantar mata da hankali, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi niyyar hana gila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Malamai da dama sun fassara gila da shayarwar mai ciki. Abin da zai sa a ce ki dakata shi ne idan kina zubar jini, ko ciwon mara mai kama da naƙuda, ko kin saba haihuwar bakwaini, kuma wannan ungozomar asibiti ce za ta yanke. Dabara mafi kyau ita ce ki roƙi Hajiya ta raka ki asibitin, ta ga tef ɗin a damtsen jikanta da idonta. Kakar da ta gamsu ta fi kowa tsayawa a kan cin yaro.

Maigida kuma ga nasa rabon: ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, kuɗin mota zuwa awo, da izinin fita duk ranar da aka ce ki dawo. Ke ma yanzu mutum uku kike ciyarwa, dole a ƙara miki ci a rana, a kuma rage miki aikin da ke hana ki zama da yaron.

Maganin cin abincin da kika saya, yawancin irinsa maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke sa barci, ba a kuma yarda a ba yaro ƙasa da shekara biyu ba. Yaron da ke barci ba ya ci. Wanda ya fi shi muni shi ne sha-ka-fashe da wasu ke ba yara: fuska za ta kumbura a ɗauka ƙiba ce, alhali yana karya garkuwar jiki yana kuma tsayar da tsawo. Kuɗin kwalba biyun nan da ƙwai aka saya da su, da sun fi yi masa amfani.

Idan awo ya nuna bai kai mai tsanani ba, aka ce ki kula da shi a gida, a riƙa auna shi duk mako biyu a sikeli ɗaya. Nauyi ne ke fara dawowa, tsawo yana biyo baya a hankali, kuma damar cim ma tsawon da ya kuɓuce ta fi yawa kafin shekara biyu, saura wata goma ke nan a hannunki. Alamar farko ta samun sauƙi takan riga sikeli: zai fara murmushi, ya miƙa hannu ya karɓi abu, ya nemi sauka ƙasa. Ki riƙa yi masa wasa da waƙa, domin ƙwaƙwalwarsa ma tana cikin abin da tamowa ke taɓawa. Idan awo biyu ko uku a jere bai motsa ba duk da kina yin waɗannan, a tura ku babban asibiti a zurfafa bincike.

Kada ki jira gari ya waye idan ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na lotsawa, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko kika ga jini a kashinsa. A hanya ki manna shi a ƙirjinki fata da fata ki lulluɓe ku biyu, ki sa masa hula, ki ci gaba da ba shi nono, domin sanyi da faɗuwar sukarin jini su ne ke saurin kashe yaro mai tamowa. Idan ya ƙi nonon amma yana iya haɗiya, ki narka ƙaramin cokali na sukari a manyan cokula uku na ruwa mai tsabta ki riƙa ɗiga masa.

Gobe idan za ki fita, ki ɗauki katin rigakafinsa da kwalaben nan biyu da duk wani jiƙo da ake ba shi, a nuna wa ma'aikacin. Ki ce a rubuta miki lambobi huɗun a kati, nauyi, tsawo, damtse da sakamakon danna ƙafa, tare da ranar dawowa. Kafin ki baro asibitin kuma ki yanki katin awon ciki, a fara ba ki ƙwayar ƙarin jini.